Da Tsutsarsa Ake Haihuwar Kwikwiyo

Kiwon kare ya zama sana'a a Jos. Sanyin garin yana karɓar karnukan ƙasashen waje masu kaurin gashi waɗanda zafin Kano ko Sakkwato ke wahalarwa, shi ya sa matasa da dama suka mayar da bayan gidajensu wurin kiwo, suna tura 'yan kwikwiyo Abuja da Legas da Fatakwal. A can Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke kuma akwai kasuwar karnuka da sunanta ya kai har kudancin ƙasar nan. Unguwarmu Dilimi ba ta yi suna da wannan kiwo ba, sunanta a kayan gyaran mota da ƙarafa yake, amma kare bai ɓace mana ba. Akwai na masu gadin shaguna da gareji, akwai na 'yan farauta, ga kuma marasa ubangida masu kwana a ƙarƙashin matattun motoci su wayi gari a bola da bakin kogi. Duk inda karya ta haihu a cikin waɗannan, ko a keji mai daɓen siminti ko a ƙarƙashin tsohuwar akori-kura, abin da ke fara cin 'ya'yanta ɗaya ne: tsutsar ciki.

Yawancin masu kare jira suke yi sai sun ga tsutsa da idonsu kafin su nemi magani. Wannan jiran ne ke hallaka 'yan kwikwiyo, domin tsutsar da ta fi addabarsu tun suna ciki take shigarsu. Ita ce macijin ciki na kare, wadda likitocin dabbobi ke kira Toxocara canis. Babbar karya tana iya zama lafiya ƙalau, gashi na sheƙi, ana ba ta magani a kan kari, amma a cikin tsokarta da ƙodarta da hantarta akwai 'ya'yan wannan tsutsa, ƙanana da ido ba ya gani, sun yi lamo tun tana ƙarama. Maganin da ake ba ta sau ɗaya a baki ba ya taɓa su. Cikin karya kwana 63 ne. Daga wajen kwana na 42 sai waɗannan 'ya'yan tsutsa su farka, su bi jini, su ratsa mabiyiya, su sauka a hantar 'yan tayin. Da an haihu sai su wuce huhu, su hau maƙogwaro, kwikwiyon ya haɗiye su, su zauna a ƙaramin hanji su girma. Kafin ya cika sati uku a duniya sun balaga har sun fara zuba ƙwai a cikin kashinsa. Ke nan kwikwiyon da bai taɓa taka ƙasa ba, bai ɗanɗana komai ba sai nonon uwarsa, yana iya zama cike da tsutsa. Saboda haka likitoci ba sa tsayawa bincike kafin su fara ba jariran karnuka magani. Ɗauka suke yi kowanne yana da ita, kuma galibi haka abin yake.

Alamar farko ita ce wadda aka fi yi wa mummunar fahimta. Cikin kwikwiyon ya kumbura ya yi tumbi, mai shi yana murna wai ya ƙoshi, har mai sayarwa ya ɗaga shi yana nuna wa mai saye ƙibar. Kallon kitse ake yi wa rogo. A shafa bayansa da haƙarƙarinsa: idan ƙasusuwa sun fito, cinyoyi sun tsuke, gashi ya bushe ya yi buzu-buzu, amma ciki ya yi gaba, to tsutsa ce da iska suka cika shi. Irin wannan kwikwiyo yana ci ba ya girma, 'yan'uwansa su bar shi a baya, yana yawan kuka da miƙa saboda murɗar ciki, kashinsa yau gudawa mai majina gobe ya ɗaure. Wani yakan yi tari a satin farko da na biyu, lokacin da 'ya'yan tsutsar ke ratsa huhu, a ɗauka sanyin Jos ne ya kama shi. Idan abin ya yi yawa sai a gan su ƙuru-ƙuru a cikin amai ko kashi, farare dogaye kamar taliya, wata ta kai santimita 10 zuwa 18, tana naɗewa. Sukan dunƙule su toshe hanjin gaba ɗaya, har ma su fasa shi.

Duk da haka macijin ciki ba shi ne ya fi saurin kisa ba. Mai saurin kisa ita ce 'yar ƙaramar nan mai ƙugiya, Ancylostoma caninum, wadda tsawonta bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, kuma da wuya a gan ta a kashi. Ita ta nono take shiga. Tana kuma iya huda fata ta shiga ta tafin ƙafa ko ta ciki idan kwikwiyo ya kwanta a ƙasa mai laima. Tana da haƙora a baki, da su take kama bangon hanji ta tsotsi jini, ta saki ta koma wani wuri, inda ta bari kuma ya ci gaba da zubar jini domin yawunta yana hana shi daskarewa. Tsutsa ɗaya tana iya jawo asarar kusan kashi ɗaya cikin goma na mililita a rana. Abin kamar ba komai, sai an yi lissafi. Kwikwiyo mai nauyin kilo ɗaya jininsa duka bai kai mililita 100 ba. Idan tsutsotsi 100 suka kama shi, a kowace rana yana rasa kusan mililita 10. Kwana nawa zai kai?

Shi ya sa ake ganin 'ya'yan da suka yi satin farko da kuzari suna kokawar nono, a sati na biyu ko na uku su yi laushi, su daina tsotso, jikinsu ya yi sanyi, su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne ake jin an ce baki ne, ko maƙwabci ya zuba guba, ko nonon karyar ne ba shi da kyau. Akwai bincike mai sauƙi da kowa zai iya yi. A ɗaga leɓen kwikwiyon na sama a dubi dasashi. Na mai lafiya ruwan hoda ne, idan aka danna da yatsa ya yi fari sai launin ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Na wanda jininsa ya ƙare fari ne fat. Idan karen mai baƙin dasashi ne a ja fatar idonsa ta ƙasa a duba ciki. Sannan a dubi kashi: idan ya yi baƙi ƙirin, yana yauƙi, yana wari mai ƙarni, narkakken jini ne. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne tsutsar tana fara shan jini tun kafin ta fara zuba ƙwai, wanda yakan ɗauke ta fiye da sati biyu. Ana iya kai kashin asibiti a duba ba a ga komai ba, alhali kwikwiyon yana bakin mutuwa. Wanda dasashinsa ya yi fari ya wuce maganin gida, na likita ne a ranar, domin bayan kashe tsutsar yana bukatar maganin ƙarin jini, da abinci mai gina jiki, wani lokaci har da ƙarin jinin kansa daga wani kare.

Tsila kuwa ba ta cika kisa ba, sai dai ita aka fi gani. Gaɓoɓinta ne ke fitowa kamar ƙwayar shinkafa, suna motsi a kan kashi ko sun maƙale a gashin gindin wutsiya, karen yana jan gindi a ƙasa don ƙaiƙayi. Wadda ta fi yawa a 'yan kwikwiyo, Dipylidium caninum, ta ƙuma take shiga: kare ya ciji inda ke masa ƙaiƙayi, ya haɗiye ƙumar da ke ɗauke da ita. Ko sau goma aka ba shi magani, muddin ƙuma na jikinsa da shimfiɗarsa, cikin sati uku tsilar ta dawo. Akwai kuma wata tsutsa mai zama a babban hanji, Trichuris vulpis, amma ita sai ta yi kusan wata uku kafin ta balaga, don haka matsalar kare ce da ya fara tasawa.

Wajibi ne a faɗi cewa ba duk gudawa ce tsutsa ba. Kwikwiyon da ya daina ci farat ɗaya, yana amai ba ƙaƙƙautawa, yana zawon jini ja mai tsananin wari, an fi zaton cutar parvo ce, wadda ta bayyana a duniya a 1978 kuma har yau ita ce babbar mai share garken masu kiwo. Maganin tsutsa ba ya yi mata komai, ƙarin ruwa da jinya take bukata, kuma allurar riga-kafi ce ke hana ta. Farin dasashi ma kaska na jawo shi, ta hanyar ƙwayar cutar da take sa wa a jini. Akwai kuma ƙananan halittu na hanji da ba tsutsa ba ne, masu sa gudawa, waɗanda maganinsu daban ne. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin kashi. A ɗebi sabo a leda ko kwalba mai murfi a kai asibitin dabbobi. Za a dama shi da ruwan gishiri mai kauri, ƙwan tsutsar ya taso sama, a ɗora a madubin likita a gane irinsa. Aikin mintoci ne. Kuma idan akwai garin da bai kamata a ce an rasa mai wannan aiki ba a Arewa, Jos ce. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, kwalejin tarayya mai horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi tana gefenta, Jami'ar Jos tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta na koyarwa, ga asibitoci masu zaman kansu daga cikin gari har Bukuru.

Maganin kansa ba shi da tsada kuma ba shi da wuyar samu. Inda ake faɗuwa shi ne lokaci da awo. Tsarin da likitoci suka yi ittifaƙi a kai shi ne a fara ba kwikwiyo magani yana da sati 2, a sake a sati 4, da 6, da 8. Daga nan sai wata-wata har ya cika wata 6. Bayan haka aƙalla duk wata uku, amma karen da ke yawo a unguwa, ko yake zaune a gidan da ke da ƙananan yara, gara a ci gaba da ba shi kowane wata. Mutane da yawa suna ganin maimaitawar nan dabarar masu sayar da magani ce. Ba haka ba ne. Maganin yana kashe tsutsotsin da suka riga suka zauna a hanji ne kawai. Waɗanda ke kan hanya, a hanta ko huhu, da waɗanda ke shigowa kullum ta nono, ba ya kai musu. Bayan sati biyu sun iso, kuma so ake a tare su kafin su balaga su fara ƙwai. Wanda ya ba da magani sau ɗaya, ya ga tsutsotsi sun zubo washegari, ya ce an gama, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Haka nan wanda ya ba da magani bai ga komai a kashi ba kada ya ce bai yi aiki ba, domin mai ƙugiya ba ta ganuwa, wasu kuma narkewa suke yi kafin su fito.

Ga jariri ɗan sati biyu, wanda aka fi amincewa da shi shi ne pyrantel na ruwa, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki. Yana kashe macijin ciki da mai ƙugiya, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai, shi ya sa ba shi da haɗari. Fenbendazole ma yana da kyau, miligiram 50 ga kilo, amma kwana uku a jere ake bayarwa, ba rana ɗaya ba, kuma yana haɗawa da tsutsar babban hanji. Tsila ba ta jin pyrantel, nata maganin praziquantel ne, miligiram 5 ga kilo, kuma ba a ba wanda bai kai sati huɗu ba. Ƙwayoyin da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi da yawa sun haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan. Piperazine, wanda ake yawan saye saboda araha, macijin ciki kaɗai yake fitarwa, mai shan jinin kuwa yana barinta a inda take. A karanta jikin kwali, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma lura cewa ƙarfin maganin ruwa yana bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka adadin da aboki ya ce ya ba nasa ba hujja ba ne.

Nauyi kuwa aunawa ake yi, ba kintace ba. Ɗan sikelin awon kaji ko na mai nama ya isa: a sa kwikwiyon a roba a ɗora, a cire nauyin robar. A sake aunawa kafin kowane zagaye, domin ɗan babban iri yana iya ninka nauyinsa tsakanin magani da magani. A ja maganin da sirinji marar allura, a zuba a gefen baki a hankali don kada ya shaƙe. A ba duka 'ya'yan rana ɗaya, har da masu kama da lafiyayyu, a haɗa da uwar. Ita uwar ana mantawa da ita, alhali tana lashe kashin 'ya'yanta don tsabtace su, ta haka take sake cika da tsutsa. Rage awo don tsimi yana da illar da ta wuce gida ɗaya. A Amurka tun wajen 2019 ake ba da rahoton tsutsa mai ƙugiya da ta daina jin manyan magungunan nan, abin ya faro daga gidajen kiwon karnukan tsere inda aka daɗe ana ɗura magani ba tsari. Ba ma fatan ganin haka a gidajen kiwo na Jos.

Akwai abin da ya fi rashin magani muni, wato maganin shanu da tumaki a cikin ɗan kwikwiyo. A unguwa irin tamu, inda kusan kowa ya taɓa kiwon rago, kwalbar ivermectin ba ta wuyar samu. Magani ne mai daraja, har waɗanda suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami kyautar Nobel a 2015. Amma na shanu miligiram 10 ne a kowace mililita, an yi shi don dabba mai ɗaruruwan kilo. Ɗigon da ya wuce ƙima a jikin kwikwiyo mai kilo ɗaya ko biyu yana taɓa ƙwaƙwalwa: sai tangaɗi, da dalalar yawu, da makanta, da suma. Wasu irin karnukan waje, musamman Collie da wani kaso na German Shepherd, suna da gadon rauni da ke sa ko awon da wani kare zai jure ya kayar da su. Albendazole, babbar ƙwayar nan ta tumaki, yana iya danne ɓargon kare ya hana shi yin jini, ga karya mai ciki kuma yana iya nakasa 'yan tayi. Levamisole tazarar da ke tsakanin awon warkarwa da na guba a cikinsa kaɗan ce. Waɗannan duka sai a hannun likita. Na gargajiyar da ake yi ma akwai gyara. Man ja ba ya kashe tsutsa, gudawa kawai yake ƙarawa. Tafarnuwa da albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga wanda jininsa ya riga ya yi ƙasa kuwa wannan ƙarasawa ce. Baƙin mai da ake shafa wa kare don ƙuma ko ƙazuwa, abin da ba ya wuyar samu a Dilimi, da fiya-fiya da ake fesa masa, duk guba ne da yake lashewa.

Mai kiwon da ke son ya rage abin tun daga tushe yana da hanya. Likita na iya sa karya mai ciki a kan fenbendazole kullum, daga kwana na 40 na cikin har bayan haihuwa, don a tare 'ya'yan tsutsar a lokacin da suka farka. Yana rage abin da ke isa ga jarirai ƙwarai, ko da yake ba ya ɗauke wa mutum tsarin sati bibbiyu. Ga wanda ke sayar da kwikwiyo ɗaya a kan kuɗin da ya fi albashin wata, kuɗin wannan magani ba abin dubawa ba ne.

Sai maganar ƙasa, wadda a ganina ita ce rabin aikin da aka fi watsarwa. Macen macijin ciki ɗaya tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana. Ƙwan yana da kauri da danƙo, yana manne wa ƙasa da gashi da tafin takalmi, kuma yana iya yin shekaru da rai a wuri mai inuwa da laima. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Wannan yanayi da ke yi wa karnukan daɗi shi ne kuma ke adana ƙwan tsutsarsu fiye da busasshiyar ƙasar can Arewa. 'Ya'yan mai ƙugiya sun fi rauni, rana da iskar hunturu suna busar da su, don haka da damina suka fi ɓarna. Amma akwai wata kafa da Allah Ya bar mana: ƙwan waɗannan tsutsotsi biyu da ke cikin sabon kashi bai isa ya kama kowa ba. Na macijin ciki sai ya yi sati biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna, na mai ƙugiya kuma wajen mako guda. Wanda ke kwashe kashin karensa kullum ya yanke zaren tun kafin ya ƙullu. A zuba shi a masai, ko a ƙona, ko a binne da zurfi. Kada a share shi cikin kwata, kada kuma a haɗa shi da takin lambu. Keji ya zama mai daɓen siminti da rana ke shiga, a wanke shi da tafasasshen ruwa, domin magungunan wanke ban-ɗaki da muka saba da su ba sa kashe wannan ƙwai.

Na san mai karatu da yawa a Dilimi da Gangare da Unguwar Rogo zai ce shi ba ya ajiye kare, ba ya ma bari ya taɓa tufarsa, to ina ruwansa? Ruwansa yana wurin yaransa. Yaron da ke rarrafe a ƙofar gida, ko yake wasan ƙasa a filin da karnuka ke kewayawa, ya sa hannu a baki, yana iya haɗiye ƙwan Toxocara. A cikin mutum tsutsar ba ta girma ta zauna a hanji, don haka gwajin bayan-gidan yaron ba zai nuna ta ba, kuma ba ita ce macijin cikin da muka sani a yara ba, wancan daga mutum zuwa mutum yake. Ita yawo take yi a hanta da huhu, ta kawo zazzaɓi, da tari, da numfashi mai shewa, da kumburin hanta. A mafi yawan yara abin yana wucewa ba a sani ba. A kaɗan daga cikinsu takan sauka a ido ɗaya ta lalata ganinsa. A 1950 wata mai bincike a Amurka, Helenor Wilder, ta duba idanun yara da aka cire bisa zaton ciwon daji ne, ta sami 'ya'yan tsutsa a da yawa daga cikinsu, a 1952 kuma Paul Beaver da abokan aikinsa a New Orleans suka bayyana cutar a hantar yara. 'Ya'yan mai ƙugiya su kuma fatar ƙafa suke hudawa, su bar jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi mai hana barci, abin da takalmi kawai ke karewa.

Kada kuma a manta inda ruwan unguwa yake zuwa. Duk abin da aka share cikin kwata, ruwan sama na kai shi Kogin Dilimi, da shi kuma ake ban-ruwan lambunan da ke bakinsa har zuwa wajen Farin Gada, inda latas da kabeji da karas ke fita zuwa garuruwa masu nisa. Wannan ba laifin manoman lambu ba ne, kuma ba dalilin ƙaurace wa ganye ba ne. Dalili ne na wanke duk abin da za a ci ɗanye da ruwa mai yawa, ganye-ganye, da kankare karas. Dalili ne kuma na mai kare ya san cewa kashin da ya tura waje da tsintsiya bai ɓace ba.

Mahauta ma suna da nasu kason. Al'adar jefa wa kare huhu ko hantar da aka ga tana da ƙullutun ruwa ita ce ke raya wata ƙaramar tsila, Echinococcus granulosus. Karen ba ya nuna wata alama, amma ƙwan da yake fitarwa idan ya shiga mutum yana tsiro da irin wannan ƙullutun a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma, wani sai an yi masa tiyata. Yankin Turkana na Kenya, inda makiyaya ke zama kusa da karnukansu, ya yi ƙaurin suna da wannan cuta. Kayan cikin da aka ƙi a ƙona su ko a binne, wanda za a ba kare kuma a dafa shi ya nuna.

Addini bai bar wannan magana ba. Malamai sun halatta ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙin ci da sha da lafiyarta na wuyansa. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Bukhari da Muslim, kowane ɗalibi ya san shi. Ban ga yadda za a karanta wannan, sannan a ɗaure karya a bayan shago tana gadin dukiya, 'ya'yanta na mutuwa da ciwon da maganinsa bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Mai shirin sayen kwikwiyo ya tambayi ranar haihuwarsa, da ranakun da aka ba shi magani, da sunan maganin, a rubuce. Mai sayarwar da ya ce "an ba shi" amma ya kasa faɗin yaushe da mene ne, a ɗauka ba a ba shi ba. Kada a karɓi wanda bai kai sati takwas ba, a ɗaga leɓensa a shafa haƙarƙarinsa kafin a biya kuɗi, a kuma fara kai shi wurin likita kafin a haɗa shi da yara. A fitar da tsutsa kafin allurar riga-kafi, domin jikin da tsutsa ta cinye ba ya karɓar allura yadda ya kamata: ta parvo da 'yan'uwanta ana farawa daga sati 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma a wata uku. Shugabannin 'yan kasuwa da masu unguwanni su san karnukan da ke gadin layukansu da masu su, domin karen da kowa ke amfana da haushinsa bai kamata a rasa mai sayen maganinsa ba. Kai kuma da karyarka ta haihu a wannan mako, rubuta ranar a bangon keji, ka ƙirga kwana 14, ka nemo sikeli da pyrantel, ka ba uwar da 'ya'yan gaba ɗaya.